Me ya sa muke fara wasa da jiki kafin baki

Ɗana, ka ce ba ka gane dalilin da nake tashe ku tsaye kuna zagaya fili ba, alhali wasan kwaikwayon ko suna bai samu ba tukuna, kuma ba mu da takarda ko ɗaya a hannu. To saurara.

Idan na zaunar da ku bisa tabarma na ce kowa ya kawo shawara, mai baki ne zai cinye zaman, kuma abin da zai fito nasiha ce: bashi ba kyau, a daina. Wannan kowa ya sani tun daga gida. Jiki kuwa yana riƙe da abin da ido ya gani baki bai taɓa faɗa ba. Shi ya sa nake cewa ka tafi babbar kasuwa ka kalli ɗan dako, ka dawo ka ɗauko min buhun gero da hannu wofi. Ina nauyin ya sauka? A wuya ko a ƙugu? Da ka sauke, sai na ga ka tsaya kana kallon ƙasa, hannu a miƙe rabi. Nan nake tsayar da kai in tambayi sauran: wa yake jira? Wani ya ce mai kayan ya tafi bai biya ba, wata ta ce kunyar tambaya yake ji don mai kayan surukinsa ne. Ka ga mun samu mutum biyu da rigima, ba wanda ya rubuta su.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ke tashe da azumi, kafin ya buɗe baki ka san tsoho ne, daga yadda ya ranƙwafa ya dogara sanda. Ƙungiyoyin samariya na zamanin Seyni Kountché, tsohon shugaban Nijar, ma yawanci a fili suke gina wasanninsu, kowa na ƙago maganarsa. A Faransa Jacques Lecoq, wanda daga wasannin motsa jiki ya shigo sana'ar, ya buɗe makaranta a Paris a 1956 kan wannan hanya. Augusto Boal na Brazil kuma yakan sa 'yan wasa su ƙame su zama hoto ba magana, shi ne abin da muke yi in na tafa hannu.

Atisayen da na fi so shi ne na kara. Mutum biyu, karan dawa tsakanin tafukansu, su yi tafiya kar ya faɗi. Yana raba mu da matsalar taɓa juna tsakanin maza da mata, wadda ke hana iyaye da yawa barin 'ya'yansu su zo. Amma duba abin da yake fitarwa: wa ke turawa, wa ke ja da baya, wa ya gaji ya saki. Kishiyoyi ke nan, ko mai bin bashi da wanda ake bi. Kamar kokowa ne, tun kafin a kama juna masu kallo sun san wanda ke tsoro.

Abu guda nake so ka kiyaye, don ina ganinsa a wurinka: kana neman ka ba da dariya da wuri. Da an yi dariya sai ka maimaita, motsin ya mutu. Yi shi a hankali, ka bar shi ya kai ka inda ba ka shirya ba. Yawancin abin da za mu yi zubarwa za a yi, kar ya dame ka.

Gobe kai za ka riƙe littafi. Duk inda ka ga fili ya yi tsit, rubuta wanda ya motsa da yadda ya motsa. Ka zo da kara huɗu masu ƙwari.