Ko minoxidil yana dawo da gashin da ya zube a wani wuri na kai?

Ka ce gashinka ya zube a wuri ɗaya kamar kwabo, fatar sumul. Galibi garkuwar jiki ce ke kai wa saiwar gashi farmaki, amma saiwar tana nan da ranta. Minoxidil, maganin da ake shafawa a fatar kai, yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ya tsawaita lokacin tsirowar gashi, sai dai ba ya hana farmakin, shi ya sa likita kan haɗa da clobetasol, maganin shafawa mai rage farmakin. A shafa mililita 1 na minoxidil mai kashi 5 cikin 100, safe da dare, kan busasshiyar fata. Sai an yi wata 3 zuwa 4 kafin a ga tsiro. Ƙaiƙayi yawanci daga propylene glycol yake, wani sinadari da ke cikin minoxidil na ruwa, sai a koma mai kumfa. In wurin yana ɓarewa, mai yiwuwa makero ne, wanda maganin sha yake so.