Takwaran ɗan ƙwallo ne ni, za su rufe mini shafi?

Tambaya: Malam, sunana ɗaya da wani fitaccen ɗan ƙwallo. Kullum saƙonni ne cike a Facebook ɗina, wannan na roƙon kuɗin asibiti, wancan na zagina wai na zubar da fanareti. Yanzu wasu sun kai ƙarata cewa sojan gona nake. Wani ya ce in biya shi ya samo mini shuɗin maki, alamar nan da ake sa wa a gefen suna don tabbatar da mai shafi, kafin a rufe shafin. In ba shi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, zama takwara ba laifi ba ne. Sojan gona a wajen Facebook shi ne ka sa hoton mutumin ko ka riƙa magana da yawunsa. In sun bi ƙarar, yawanci katin shaida za su nema, kuma sunan naka ne a kai. Sa hoton fuskarka, ka rubuta a bayaninka cewa ba kai ne ɗan ƙwallon ba, ka ƙara sunan tsakiya. Jarumin fim na Amurka Michael B. Jordan ma harafi ɗaya ne ya raba shi da gwanin ƙwallon kwando Michael Jordan.

Shi kuwa mai "samo" shuɗin maki, kada ka ba shi ko ƙwandala. Na gaji da wannan magana! Mutane sun ɗauka makin nan hatimin gaskiya ne. Tun ƙarshen 2022 Elon Musk ya mayar da na Twitter abin sayarwa, kuma a watan Nuwamban shekarar wani ya saya da sunan kamfanin magani na Eli Lilly, ya sanar cewa insulin, maganin ciwon sukari, ya zama kyauta, sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ma ta kawo nata na sayarwa a 2023. A cikin manhajar ake nema, da katin shaidarka, babu dillali a tsakani. To mutumin nan wa ya sani a Meta?

Ga yadda suke yi. Zai ce ka turo kalmar sirrinka "don ya cike fom". Can sai lambobi shida su shigo wayarka, ya ce karanto mini da sauri kafin su mutu. Kana karantowa ya canza imel da lambar waya, shi ke nan, an kulle ka a waje. Kuma shafinka ba kamar na kowa ba ne a wajensa, tunda ga sunan shahararre, ga mabukata suna tururuwa. Gobe zai ce musu su biya kuɗin rajistar tallafi, da sunanka da hotonka. Wa za a nema? Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga shafinka, yau ɗin nan, kuma lambobin nan ko ɗan uwanka kada ka karanta wa.

Masu zagi, toshe su kawai. Wanda ya turo maka kyauta yana zaton tauraron ne, mayar masa, don in ka riƙe kana sane, zai iya zama damfara a gaban alƙali.