Turawan zamanin Sarauniya Victoria da gawarwakin Masar: ba su san laifi ba ne?

Tambaya: Malam, na ji cewa a Ingila ta ƙarni na 19 akan tara jama'a a warware likkafanin busassun gawarwakin Masar a gabansu. Ba su ɗauki hakan laifi ba ne, ko dai haka zamanin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, an yi haka ƙwarai, kuma da sunan ilimi aka yi. Wanda ya fi yin suna shi ne likita Thomas Pettigrew. Tun 1833 yake tara mutane a Landan, ya kwance gawa har ya bar ta tsirara, ana kallo. Har niƙa gawarwakin ake yi a haɗa fenti ruwan ƙasa na masu zane. A 1890 kuma aka sauke busassun gawarwakin kuliyoyi daga Beni Hasan ta Masar birjik a Liverpool, aka sayar a matsayin taki.

Amma ni ban yarda da uzurin "haka zamanin yake" ba, domin mutanen nan sun san darajar gawa sarai. Satar gawa daga maƙabarta don sayar wa likitoci ta tayar musu da hankali matuƙa, har majalisa ta yi dokar fiɗar gawa a 1832. To, wa dokar ta miƙa wa likitocin? Gawar talakan da ya mutu babu mai karɓarta. Ka ga ma'auninsu ke nan: gawar mai gata ake kārewa. Mamacin Masar ba shi da dangi a Landan, ba Kirista ba ne, shekaru dubbai sun shige, sai aka lissafa shi cikin kayan tarihi. Abin da ya fi ɓata mini rai, da Duke na Hamilton, wani basaraken Birtaniya, ya rasu a 1852, Pettigrew ɗin nan ne ya shirya gawarsa irin ta Misirawa bisa wasiyyarsa, aka sa ta cikin akwatin dutse na wata mamaciyar Masar.

Akwai waɗanda zuciyarsu ta ƙi. Mai zane Edward Burne-Jones da ya ji asalin fentinsa, sai ya binne fentin a lambu. A Masar kuwa, a 1881, da aka ɗauko gawarwakin fir'aunoni daga Deir el-Bahari a jirgin ruwa zuwa Alƙahira, mata suka fito bakin Nilu suna kururuwa, maza na harba bindiga kamar ranar jana'iza. Duk da haka a 1886 Gaston Maspero, Bafaranshe mai kula da kayan tarihin Masar, ya kwance gawar Fir'auna Ramses na biyu, Khedive Tawfiq, mai mulkin Masar a lokacin, na zaune yana kallo.