Yadda za ka yi wa tsohuwar libarbar Colt kuɗi

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan. Ka ce wata dattijuwa ta kawo shago tsohuwar libarba ƙirar Colt, irin ta kaboyi mai cin harsashi shida. Ta ce gadon marigayi mijinta ce daga kakansa, kuma a gidansu ana cewa kakan ya yi aikin ɗan sanda da ita a Texas. Ka leƙa intanet ka ga masu kama da ita, wata an sa mata dala 2,000, wata dala 50,000, kanka ya ɗaure, kana tambaya nawa za ka taya. Ka kyauta da ba ka yi saurin faɗin kuɗi ba. Wanda ya taya bindigar da bai gama saninta ba, ko ya cuci shago ko ya cuci mai kaya.

Kafin komai, buɗe ƙofar zuba harsashi, ka juya gangar, ka leƙa ramukan nan shida ɗaya bayan ɗaya da idonka. Ana samun bindigar da ta shekara aru-aru a akwati da harsashi a cikinta, masu ita ba su sani ba. Bayan haka ka kame hannunka. Kada ka kankare tsatsa, kada ka sa mata samfefa ko man goge ƙarfe. Tsumma mai laushi da ɗigon mai sun isa. Dusashewar da kake gani kamar datti, ita masu tara tsofaffin bindigogi ke biya wa kuɗi.

Wannan ƙirar sunanta Single Action Army. Kamfanin Colt da ke Hartford a jihar Connecticut ya fara yinta a 1873, sojojin Amurka suka karɓe ta a shekarar. Zubin farko ya ci gaba har wajen 1940, an ƙera kimanin 357,000. An dawo da ita a 1956, aka sake wani zubi daga 1976. In ka ga haruffan SA manne da lambar jikinta, to ba ta zubin farko ba ce, kuma labarin kakan ya faɗi tun daga nan. Amma a hotonka na ga wani abu da ya faranta mini rai: ƙaramin sukuru a gaban firam (ƙarfen tsakiya da ganga ke zaune a cikinsa), wanda ke riƙe da sandar da ganga ke juyawa a kanta. Haka ake yinsu zamanin baƙin albarushi, kafin wajen 1896 a maye gurbinsa da maɓalli mai sifirin da ake dannawa ta gefe. In lambar ta yi daidai da wannan, tsohuwa ce ta gaske. In kuma lambar ba ta kai wajen 182,000 ba, an yi ta kafin 1899, dokar tarayyar Amurka na ɗaukarta a matsayin kayan tarihi, abin da ke ƙara mata masu so. Sai dai ko da wasa kada wani ya sa mata harsashin zamani. Ƙarfen lokacin ba a yi shi don ƙarfin albarushin yanzu ba.

Yanzu ga inda kuɗin yake. Abin da ake saye a irin wannan bindiga shi ne yawan abin da ya rage a jikinta daga ranar da ta bar kamfani. Kife ta ka dubi ƙasanta. Za ka ga lamba a firam, wata a ƙarfen da ya kewaye kunama, wata a gindin mariƙi. Dole ukun su zama ɗaya, siffar lambobin ma iri ɗaya. A tsofaffin farko akan sami ƙarshen lambar a jikin ganga da kuma bututu, ƙarƙashin murfin sandar fitar da kwanson harsashi. Auna bututun. Tsayin da aka saba shi ne inci 4¾, ko 5½, ko 7½. In ka sami wani tsayi daban, ko ka ga rubutun saman bututu ya matso kusa da baki fiye da kima, ko alamar saiti ta gaba kamar an sake liƙa ta, to da alama yanke shi aka yi. Yankakken bututu yana zubar da daraja ƙwarai.

Akwai togiya guda da nake so ka riƙe, don masu rabin sani kan yi asara a kanta. Tsakanin 1895 da 1903 sojojin Amurka sun tattara tsofaffin libarbobinsu masu inci 7½, aka rage su zuwa 5½, aka wargaza su aka gyara, aka sake haɗawa ba tare da kula da wace lamba ta tafi ina ba. Irin waɗannan, saɓanin lamba ba aibi ba ne, tarihinsu ke nan, kuma suna da kasuwarsu. Ana gane su da hatimin U.S. a gefen hagu na firam da ƙananan haruffan jami'an da suka duba su. To amma wannan hatimin ne aka fi yin jabunsa, domin haruffa biyu kawai na iya ninka kuɗin bindiga. In ka gan shi, sai ka ƙara tsananta bincike.

Abin da ya dame ni a hotunanka shi ne launin. Ta yi kyau fiye da shekarunta, kuma firam ɗin ma baƙi ne mai shuɗi-shuɗi kamar bututun. Colt ba haka ya saba fitar da su ba. In ba mai ruwan nikel ba ce, bututu da ganga da mariƙi ne ake rinawa shuɗi, shi kuwa firam ana gasa shi ya fito da dabbare-dabbaren launi, toka-toka da ruwan ƙasa da shuɗi a cakuɗe. Ina zargin an yi mata kwaskwarima. Ɗauki tabarau mai ƙara girma da tocila, ka haska ta a karkace. Mai sake rini sai ya goge ƙarfe da inji tukuna, injin kuwa ba ya ƙarya: kaifin gefuna ya zama dunƙulalle, bakin ramukan sukuru ya lotsa kamar ɗan faranti, rubutun kamfani ya yi dishi-dishi, wani harafi da zurfi wani ya kusa ɓacewa. Babbar shaida ita ce ka ga rini ya kwanta a cikin ƙananan ramukan da tsatsa ta ci. Tsatsa ba ta riga rinin kamfani zuwa ba. Tsufa na gaskiya kuwa yana da wuraren zamansa: bakin bututu, gefen kwanson sandar nan da ke gogar kube, tudun ganga, da bayan mariƙi inda tafin hannu ke kwanciya. Mai sayen doki haƙori yake dubawa, ba sirdi ba. A wurina, wadda ta koɗe ta koma toka amma ba a taɓa ta ba, ta fi mai ƙyalli da aka sake wa rini nesa ba kusa ba, kuma kwaskwarima kan cinye rabin kuɗin bindiga, wani lokacin fiye.

Sauran dubawar ba ta da wuya. Ja hama, wato ƙarfen baya da ke dukan harsashi, a hankali, ka ji ƙara huɗu a jere, ganga ta tsaya cak ba ta rawa. Haska cikin bututu ka ga ko layukan ciki na nan ko tsatsa ta cinye su. Dubi girman harsashin da aka rubuta, domin .45 da .44-40 sun fi .32-20 masu nema. Ka kuma tuna kamfanonin Italiya irin su Uberti suna yin kwafinta na halal, wasu maha'inta kuma su goge tambarin su tsufar da ita da gangan.

Sai maganar kakan. Ka saurari dattijuwar da ladabi, ka rubuta duk abin da ta faɗa, amma kada ka sa wa labarin ko sisi sai da takarda. Labari mai shaida yana da tsada ƙwarai. Libarbar Colt irin wannan da jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe shahararren ɗan ta'adda Billy the Kid da ita a 1881 an sayar da ita a gwanjo a 2021 kan sama da dala miliyan 6, domin akwai takardun da suka bi sawunta hannu zuwa hannu. Ba don su ba, da kuɗin 'yan uwanta za ta yi. Tambaye ta ko akwai hoton kakan da bindigar, ko takardar ɗaukarsa aiki, ko wasiyya mai ɗauke da lambar. Sannan mu nemi wasiƙar ma'ajiyar tarihin Colt. Ana biyan kuɗi a jira, su duba kundinsu su faɗi ranar da aka aika ta, da wurin da aka aika, da girman harsashi, tsayin bututu da irin launin da ta fita da shi. In wasiƙa ta ce inci 7½ mai ruwan nikel, kai kuma kana riƙe da 5½ mai shuɗi, magana ta ƙare. In ta ce Texas aka kai ta, kuɗi ya ƙaru, ko da yake da yawa manyan diloli na New York da St. Louis aka aika wa, kuma wasiƙar ba ta san wanda ya rataya ta daga baya ba.

Farashin da ka gani a intanet kuwa, yawancinsa buri ne na masu kaya. Wanda aka sallama shi ne farashi. Nemi sakamakon gwanjon da aka kammala cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ka ware guda uku zuwa biyar da suka yi daidai da tamu a zamani, harsashi, tsayi da yanayin jiki. Ka jefar da wadda ta fi kowa tsada, don wataƙila mutum biyu ne suka yi zuciya a kanta. Littafin farashi na kan teburin shago yana taimakawa, amma kasuwa kan riga shi. Ga misalin lissafi, ba kuɗin wannan bindigar nake faɗa ba: a ce tsakiyar abin da ka samu dala 4,500 ne, kuma a ciki akwai la'adar kashi 20 da mai saye ya biya gidan gwanjo. Ainihin kuɗin da aka buga guduma a kai 3,750 ke nan. A cire wa mai kaya kashi 10, abin da zai shiga hannunta 3,375, bayan jiran watanni. To in shago ya ba ta wajen 3,000 zuwa 3,300 a take, an yi adalci, mu ma akwai abin da za mu ci.

Waɗannan lambobin duka za ka shimfiɗa mata a fili: ga abin da za ta samu a gwanjo, ga abin da za mu biya yau, ga kuma abin da za mu karɓa in ta bar mana ita mu sayar mata. Ba ta san darajar abin da ke hannunta ba, ta amince da mu ne, kuma dukiyar gado ce, wataƙila da haƙƙin wasu a ciki. Saboda haka tambaye ta a hankali ko sauran magada sun yarda a sayar. In bincike ya nuna abin ya fi ƙarfin aljihunmu, mu gaya mata gaskiya mu nuna mata gidan gwanjon da ya dace. Ni ban yarda da ribar da aka ci da jahilcin mai kaya ba.

Tunda ka taɓa ce mini wani ɗan'uwanka a gida na sha'awar irin waɗannan kaya, ka sanar da shi cewa dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, har da tsofaffi, sai da lasisin shugaban ƙasa. Wannan ciniki iyakarsa nan Amurka.

Gobe ka turo mini hoton lambobin nan uku kusa-kusa, da rubutun saman bututu, da gefen hagu na firam a hasken rana, ba na fitila ba. In ta yarda ta bar ta a shago, shigar da ita kundi, ka ba ta rasiti mai ɗauke da lamba da bayanin yanayinta, ka gaya mata ba za mu faɗi kuɗi ba sai wasiƙar Colt ta iso.