Amsa ga 'yata a kan riƙon da ya ƙi daɗi

'Yata, bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ki da maigidanki da yara, saƙonki ya iso gare ni, na kuma karanta shi a tsanake. Kin ce yaron da kuka ɗauka riƙo bayan rasuwar ƙanin mijinki da sake auren mahaifiyarsa, wanda yanzu yake da shekara 9, zamansa a wurinku ya ƙi daɗi: yana ɗauke-ɗauke, yana ƙarya ko da babu abin da ya tilasta masa, yana dukan ƙananan 'ya'yanki, ya kuma fara barin gida ba tare da an san inda ya nufa ba. Kin ce zuciyarki ta daina yi masa taushi, har gabanki yakan faɗi idan kin ji motsin shigowarsa, sannan ki kwana kina kuka don kunyar hakan. Tambayarki ita ce ko al'ada ta yarda a mayar da ɗan riƙo, ko kuwa wanda ya yi haka ya ci amanar mamaci.

Zan fara da halin da zuciyarki take ciki, domin na lura kin tura shi can ƙarshen saƙon kamar wani laifi da kike tsoron a gani. Abin da ya same ki sananne ne ga duk wanda ya daɗe yana mu'amala da masu riƙo. Yaron da ya rasa mahaifi, aka kuma raba shi da mahaifiya, yakan shigo sabon gida shiru, mai ladabi, har a yi ta yabon sa, saboda a lokacin tsoro ne yake riƙe da shi. Sai ya fara sakin jiki ne fushin da baƙin cikin suke fitowa, kuma yawanci a kan mutumin da ya fi kusa da shi suke sauka. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a shekarar 1951 a kan yaran da aka raba da iyayensu, ya nuna cewa yanke shaƙuwar yaro da mai renonsa yana barin tabo a halayyarsa. Irin wannan yaro sau da yawa yana ture mai son sa ne domin ya ga ko shi ma zai tafi kamar yadda na baya suka tafi. Ke kuma mutum ce, kin yi ta ba da kulawa wata da watanni ana mayar miki da ƙiyayya, to dole wata rana zuciya ta janye don ta kare kanta. Masu aikin kula da yara sun san wannan bushewar tausayi a matsayin alamar gajiya mai tsanani, sun kuma ga tana warkewa idan mai riƙon ya sami hutu da mataimaki. Macen da ba ta damu da yaro ba, ba ta kwana tana kuka a kansa.

Na san kuma nauyin ba guda ɗaya ba ne. Akwai 'ya'yan cikinki da kike ganin suna shan wahalar shawarar da ba su aka yi da ita ba. Akwai mijinki, wanda yake kallon fuskar ɗan'uwansa a fuskar yaron, shi ya sa duk ƙorafin da kika kai masa yake ji kamar ƙaninsa ake zagi a kabari, ke kuma kike ganin ya bar ki ke kaɗai da ɗawainiya. Akwai dangi da ba su da abin cewa sai ki ƙara haƙuri, alhali ba wanda ya taɓa karɓar yaron ko na kwana biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kada ki bari wanda bai kwana a gidanki ba ya auna miki ƙarfin haƙurinki.

Game da tambayarki kuwa, riƙo tun asali amana ce da dangi suke ɗora wa ɗaya daga cikinsu domin amfanin yaron, bai taɓa zama mallaka ba. Shi ya sa ɗan riƙo yake ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni, wadda a dalilinta aka daina kiran Zaidu ɗan Muhammadu aka koma kiran sa Zaidu ɗan Harisa. Tunda dangi ne suka ƙulla, dangi suna da ikon su sake zama su duba idan abin da aka ƙulla dominsa ba ya samuwa. Ki dubi ƙuruciyar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, ta kuma so shi har ta roƙi mahaifiyarsa Amina ta bar mata shi bayan yaye, amma da abin tsaga ƙirji ya faru, ita da mijinta suka ji tsoron kada wani abu ya same shi a hannunsu, suka mayar da shi. Babu malamin da ya kira wannan cin amana. Zumuncin ma bai yanke ba, domin bayan yaƙin Hunainu a shekara ta 8 bayan hijira, da aka kawo masa Shaima'u, 'yar Halima, shimfiɗa mata mayafinsa ya yi ta zauna. Haka kuma lokacin da fari ya matsa wa Kuraishawa, iyali suka yi wa Abu Ɗalib yawa, Annabi ya ɗauki Aliyu, Abbas ya ɗauki Ja'afar, domin a rage masa nauyi. Magabata sun san cewa gida ɗaya yana iya gazawa, kuma idan ya gaza sauran gidaje ne suke tallafa masa.

Abin da al'ada take ƙyama shi ne riƙon sakainar kashi, da kuma korar yaro cikin fushi, a watso masa kaya waje, a ce wa danginsa su zo su kwashi ɗansu. Akwai kuma wani abu da a ganina ya fi wannan yawa, sai dai ba a cika tsine masa ba saboda a ɓoye yake faruwa: a ci gaba da ajiye yaro a gida don gudun bakin mutane, a ba shi ci da sutura, amma babu mai yi masa murmushi, babu mai kiran sunansa sai in za a yi masa faɗa, ya girma yana sane da cewa jure shi ake yi. Masu riƙon sun tsira da mutuncinsu a idon jama'a, yaron ne ya biya. Ina roƙon ki kada tsoron surutu ya kai ki can.

Duk da haka ba zan ce miki ki mayar da shi gobe ba, domin kowace ƙaura sabon rauni ce ga yaron da ya riga ya yi rashi biyu, kuma yakan fassara ta da cewa shi ne mugu, shi ya sa ba mai iya zama da shi. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 game da yaran da ba sa hannun iyayensu sun yi gargaɗi cewa yawan sauya wa yaro wurin zama yana cutar da girmansa da iya shaƙuwarsa da mutane, amma su ɗin dai sun nemi a riƙa duba dacewar wurin da aka ajiye yaro a kai a kai, in da hali duk bayan wata 3. Ina so ku ɗauki wannan ma'auni. Ku tara manyan dangin mahaifinsa, tare da mahaifiyarsa, ku faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki ba tare da ƙawata ta ba, ku kuma nemi abubuwa takamaimai: wa zai riƙa ɗaukar sa ƙarshen mako don ki huta, wane namiji cikin baffanninsa zai ja shi a jiki, yaushe zai riƙa ganin mahaifiyarsa. Sau da yawa yaron da yake guduwa uwarsa yake nema, ko da shi kansa bai iya faɗa ba. Ku kai shi wurin likita a duba jinsa da ganinsa da barcinsa, a kuma bincika cikin hikima ko wani ya taɓa cutar da shi, sannan in kun sami mai ba da shawara da ya ƙware a kan yara masu irin wannan rauni, ku je ku duka, har da ke. Ku tambayi malamansa yadda yake a makaranta. Shi kansa ku zaunar da shi a lokacin da ba a yi faɗa ba ku ji abin da yake so, domin ɗan shekara 9 yana da ra'ayi, kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda ta ambaci kafala, wato riƙon yaro a tsarin Musulunci, da sunanta a sashe na 20, ta tanadi a sashe na 12 cewa a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi. Iyaka ɗaya ce ba a jira mata wata 3: idan dukan da yake yi wa ƙananan ya kai ga rauni, ko kika ji hannunki ya fara yi masa nauyi fiye da yadda kike so, to a raba su nan take, a yi shawarar daga baya.

Idan wa'adin ya cika, an yi duk wannan da gaske amma gidan bai zauna ba, to ku nema masa inda zai fi samun natsuwa, ku yi haka ba tare da jin kunya ba. Ku biyu za ku gaya masa, ke da mijinki, tun da sauran lokaci, da kalmomin da ba su ɗora masa laifi ba: mu ne muka kasa ba ka abin da kake buƙata, mun nemo wanda zai fi mu iyawa, kuma har gobe kai ɗanmu ne. Ya riƙa ziyartar sabon gidan kafin ranar tashi, a haɗa masa kayansa da mutunci har da hotunan mahaifinsa, in zai yiwu kada a sauya masa makaranta a lokaci guda. Wanda zai karɓe shi a faɗa masa gaskiyar halinsa duka, mai daɗi da marar daɗi, domin ɓoye masa shi ne zai jawo ƙaura ta uku. Idan ta hannun kotu ko ma'aikatan jin daɗin jama'a aka ba ku shi, ta hannunsu za a sauya. Kada ki yi masa alkawarin ziyarar da ba za ki iya cikawa ba, amma wadda kika ɗauka ki cika ta ko da ya karɓe ki da ɗaure fuska. Ki kuma zauna da 'ya'yan cikinki ki yi musu bayani, domin ƙaramin yaro da ya ga an tafi da ɗan'uwansa saboda rashin ji yakan kwana da tsoron cewa shi ma haka za a yi masa.

Ki shirya wa abin da zai biyo baya a zuciyarki. Za ki ji sauƙi, za ki ji kunyar jin sauƙin, za ki kuma yi kewarsa fiye da yadda kike zato, duk a rana ɗaya. Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi bayani a 1989 a kan irin baƙin cikin da jama'a ba sa amincewa mai shi yana da haƙƙin yin sa, kuma na mai riƙon da ya rabu da yaro yana cikinsa, tunda ba wanda zai zo miki jaje, wasu ma cewa za su yi ai ke kika so. Ki sami mutum ɗaya ko biyu da za ki riƙa buɗe wa cikinki, kuma ki yi wa mijinki uzuri, domin a wurinsa kamar rasuwar ƙaninsa ce ta dawo sabuwa. Kin ambaci hadisin da Annabi ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai ɗaukar nauyin maraya za su kasance a Aljanna, kina tsoron kin fita daga cikinsa. Malamai sun fassara mai ɗaukar nauyin da wanda yake tsaye a kan al'amuran maraya, na ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya, kuma wannan ƙofa a buɗe take gare ku ko a ina yaron yake kwana: kuɗin karatunsa, jinyarsa, zuwa duba shi, tsaya masa ranar da ya buƙaci babba. Aya ta 220 a Suratul Baƙara, da ta yi magana a kan marayu, ta ce kyautata musu shi ne mafi alheri, ta kuma ce Allah yana sane da mai ɓarna da mai gyara, sannan ƙarshen surar ya tabbatar cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Ki nuna wa mijinki wannan saƙo in kin ga zai karanta da zuciya ɗaya, in kuwa kina ganin zai fi jin maganar daga bakina, ki faɗa mini in kira shi. Ku tsayar da ranar zaman dangi ku sanar da ni, zan zo in sha Allah, kuma ni zan buɗe maganar domin kada a ce ke kika kawo ƙara. Kafin nan ki samo wanda zai karɓi yaron na kwana biyu ko uku a wannan makon, ki faɗa wa yaron ranar da zai dawo, ki kuma tabbata ke da kanki kika je ɗauko shi a ranar.

Goggonki.