Yaya kofi biyu na jin gado ɗaya da suka lalace za su haɗu su ba da lafiyayyen ƙuda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar kimiyyar halittu ce, an koya mana cewa kowane jin, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin wani halin gado, kofi biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kowanne aikinsa yake shi kaɗai. To sai na ji wai a ƙudan 'ya'yan itace ana iya samun kofi biyun duk da matsala amma ƙudan ya fito lafiya lau, wai don kuromosom ɗin, wato zaren DNA da jin ke jere a kai, suna manne da juna. Don Allah ya abin yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma wallahi na ji daɗin tambayar nan don wuri ne da ake tsallakewa a aji. Abin da aka koya miki ba ƙarya ba ne, sai dai wannan ƙaramin ƙuda mai jan ido da ake kira Durosofila yana da wani hali nasa.

Shi kuromosom ɗinsa takwas ne, wato tagwaye huɗu. A jikinmu mu mutane, kuromosom ɗin uwa da takwaransa na uba galibi kowa yana ɓangarensa ne a cikin cibiyar sel, wato ƙwayar halittar jiki, ba sa haɗuwa su jeru sai lokacin da za a yi ƙwan haihuwa ko maniyyi. To shi ƙuda ba haka ba, kusan a duk sel ɗin jikinsa tagwayen nan a manne suke tun daga kai har wutsiya kamar an ja zif, kowane jin yana fuskantar ɗan'uwansa, kuma mannewar tana farawa ne tun yana ɗan tayi cikin sa'o'in farko. Wata masaniyar kimiyya mai suna Nettie Stevens ta lura da hakan tun 1908. In kin taɓa matse jakar yawun tsutsar ƙudan nan kika sa a madubin likita za ki gani da idonki, kuromosom ɗin wurin manya ne masu zane-zane don an ninka DNA ɗinsu har kusan sau 1000, za ki ɗauka igiya ɗaya ce alhali biyu ne suka haɗe, sai a wani ɗan wuri da suka rabu ki ga ta buɗe kamar kunnen allura ta sake haɗewa a gaba.

Yanzu ki riƙe abu biyu game da jin. Akwai wurin da ake fara karanta shi, masana na ce masa furomota, mu kira shi ƙofa. Akwai kuma wani guntun DNA da ke can gefe, wani lokacin da nisa sosai, wanda shi ke cewa a kunna jin ɗin a wuri kaza a lokaci kaza, sunansa inhansa, mu kira shi mai zuga. DNA ɗin lanƙwasawa yake yi har mai zugan ya matso kusa da ƙofar sannan aiki ya tashi. Shi kuma mai zuga bai san wai wannan ƙofar ta gidansu ba ce ko ta maƙwabci, abin da ya sani kawai kusanci.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne jin ɗin da ake kira yellow, wanda ke sa jikin ƙuda da fikafikansa su yi duhu. Ki ɗauki kofi ɗaya da ba shi da mai zugan jiki da fiffike amma ƙofarsa lafiya take, ƙudan da ke da irinsa kaɗai zai fito fatsi-fatsi ruwan ɗorawa. Ki ɗauki wani kofin da mai zugansa na nan daram amma an cire masa ƙofa, shi ma ƙudan ruwan ɗorawa ne. To ki haɗa su a ƙuda ɗaya, wannan daga uwa wancan daga uba, sai ga launi ya dawo, don mai zugan wannan kuromosom ya tsallaka ya kunna ƙofar wancan. Pamela Geyer da abokan aikinta ne suka bayyana wannan a 1990. Kuma wani abin da ke burge ni, in ƙofar gidansa na nan lafiya mai zugan ya fi karkata gare ta, tsallakawar tana raguwa sosai, sai ya rasa tasa ne yake ba maƙwabcin ƙarfinsa yadda ya kamata.

Za ki ce to ta ina aka san mannewar ce sila ba wani abu daban ba? Nan ne aikin Edward Lewis ya shigo, wanda ya raɗa wa abin suna tiransbekshan a 1954. Yana aiki a kan rukunin jin na bithorax, masu hana 'yan ƙananan sandunan nan biyu da ke bayan fiffiken ƙuda su rikiɗe su zama fiffike. Ya haɗa kofi biyu masu matsala daban-daban ya ga nakasar ba ta yi tsanani ba, sai ya haska musu radiyeshan har kuromosom ya karye ya sake haɗewa a karkace ta yadda tagwayen ba za su iya jeruwa daidai a wurin ba, nan take nakasar ta ƙaru, alhali ko harafi ɗaya na jin ɗin kansa bai canza ba, zaman ne kawai ya canza. Har ma ya yi amfani da dabarar wajen auna ɓarnar da tururin gwajin bam ɗin nukiliya ke yi wa kuromosom. Shi ne dai Lewis ɗin da ya samu kyautar Nobel a 1995 tare da wasu mutum biyu.

Amma kar ki ɗauka kullum taimako ne, maƙwabtakar nan tana iya kashe jin ma. Akwai wani canji a jin ɗin zeste da in mace na ɗauke da shi idonta yake komawa ruwan ɗorawa maimakon ja, don yana danne jin ɗin white da ake buƙata kafin ido ya yi ja, amma sai in kofi biyu na white suna manne. Namiji da yake kuromosom X, inda jin ɗin white yake, ɗaya gare shi, kofinsa ɗaya ne ba abokin mannewa, sai idonsa ya tsaya ja abinsa duk da canjin na jikinsa. Haka wani nau'in jin ɗin brown da wani dunƙulallen DNA mara aiki ya faɗo a tsakiyarsa, shi jan lafiyayyen ɗan'uwansa yake yi zuwa lungun cibiyar sel inda jin ke yin shiru, sai idon ya fito ruwan ƙasa da 'yan ɗige-ɗigen ja inda wasu sel suka kuɓuta.

Game da abin da ke riƙe da zif ɗin, an san akwai wasu wurare a DNA da furotin ke kamawa su haɗa tagwayen kamar maɓallin riga, sannan akwai wani rukunin furotin mai suna kondensin na biyu da ke tattare kuromosom yana raba su, in aka rage shi mannewa ta ƙaru in aka ƙara shi tsallakawar nan ta ragu, an nuna haka a 2008. A 2018 kuma aka ɗauki bidiyon abin a ɗan tayi mai rai, aka sa wa kofi biyun alamar haske kala daban-daban, sai aka ga mai zuga guda ɗaya yana kunna su tare a lokaci guda, ɗigon nan biyu suna walƙawa kusa da juna.

Shawarata in za ki yi aikin haɗa ƙudaje a ɗakin gwaji, duk sanda kika ga canji biyu sun gyara juna kar ki yi saurin rubuta cewa jin daban-daban ne kamar yadda ƙa'idar littafi ta ce, ki fara sake haɗin da kuromosom mai juyayyen tsari da zai hana su jeruwa a wurin, in gyaran ya ɓace to jin ɗaya ne. Kwana goma ne kacal daga ƙwai zuwa babban ƙuda a zafin digiri 25, don haka ba zai ci miki lokaci ba. Allah ya ba da sa'ar karatu.