Awa nawa haɗa injin motar tsere ke ci?

Tambaya: Malam, bakanikena a Gombe ya ce zai haɗa min injin V8 (mai silinda takwas) na motar tsere a yini ɗaya. Anya kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda. In kaya sun kammala, ware masa awa 25 zuwa 30, kamar kwana huɗu. Awo ne ke cinye lokacin. Fistin takwas ne, kowanne sai an saka ringinsa, wato zoben da ke kewaye da shi, cikin silinda an duba ratar bakin zoben. In ta yi kaɗan a goge, domin da inji ya ɗau zafi bakin zai haɗe, ya karce silinda. Mital, wato ƙarfen da karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) ke kwanciya a kansa, shi ma sai an auna, a ɗaure da sifana mai awon ƙarfi. Da hunturu a rufe injin da leda kullum, ƙura tana cin mital.